Ɗan gardi da ƴar mesa

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, akwai wani dattijo a Maraɗi, tsohon malamin dabbobi, wanda maciji mai dafi bai taɓa sara ba ko sau ɗaya, amma ya yi shekara 47 yana gudun tsumma. Ubansa ne maciji ya sara a gabansa, sa'ad da yake yaro ɗan shekara 14.

Uban nasa gardi ne, irin gardawan nan masu wasa da maciji, waɗanda ke bin kasuwannin ƙasar Gobir da goruna a rataye, ran Litinin da ran Juma'a kuma su sauka kasuwar Maraɗi. Shi yaron yana lakkol, domin a wancan zamani in an nemi yara a ƙauye, ƴaƴan talakawa ake fara turawa. Amma duk ranar da babu karatu shi ke ɗaukar gorunan, shi ke kaɗa ƴar ganga, shi ke bin da'irar ƴan kallo yana tsintar dala-dala daga cikin rairayi. Saboda haka ya san abin da ƴan kallo ba su sani ba. Ya san in an kamo sabon gamsheƙa, uban yakan tsokane shi har ya kafa baki a tsumma, sa'an nan ya fizge da ƙarfi don fiƙoƙin su karye. Ya san ana barin macizan da yunwa a cikin gora mai sanyi don jikinsu ya mutu. Ya kuma san garin maganin da ake sayar wa manoma bayan an tashi daga wasa, domin shi ke dakansa. Abin da bai gane ba sai daga baya shi ne, uban ba yaudarar mutane kaɗai yake yi ba. Shi kansa yana shan garin nan kowace safiya, ga tsage-tsage a wuyan hannunsa, ga kambu a damtse, kuma ya amince da su har cikin ransa.

A shekarar 1974, shekarar da fari ya gama cinye dabbobi da rumbuna, kasuwa ta mutu, ƴan kallo ba su da abin jefawa. Gardin yana da wani gamsheƙa da ya yi watanni a hannunsa, wanda yake kira na hannun dama, don ya daina kai sara. Ya daɗe bai buɗe bakinsa ya duba ba. Maciji kuwa fiƙarsa ba ta ƙarewa: in ta karye, wata na nan a baya tana jiran ta maye gurbinta, haka har iyakar ransa. Ran nan da hantsi, a tsakiyar wasa, gamsheƙan ya juyo ya sare shi a gindin babban yatsa. Gardi ya yi dariya don mutane, ya shafa gari a wurin, ya dubi ɗansa ya ce: «Kar ka damu, yaro, ai ya san ni.» Ya ƙarasa wasansa. Da azahar fatar idonsa ta fara saukowa kamar mai gyangyaɗi, da la'asar harshe ya yi nauyi, miyau ya ƙi haɗiyuwa, kafin isha'i numfashi ya tsaya. A gindin wata bedi aka yi masa sutura.

Yaron ya koma lakkol, inda tun da can abokansa ke yi masa ba'a da sunan ɗan gardi. Ya wuce kwaleji, ya shiga makarantar ma'aikatan karkara ta Kolo, ya fito malamin dabbobi. Ya yi aiki a Dakoro, ya yi a Tanut, ya yi a Abalak, yana bin mashekarin Fulani da na Buzaye da allura a cikin akwatin ƙanƙara. Yana cikin dubban ma'aikatan da suka yi yaƙi da bushiya, ciwon shanun nan da aka bayyana a shekarar 2011 cewa an kawar da shi daga duniya. Duk inda ya zauna an san shi da sanyin hannu: bijimin da ya gagari makiyaya uku, shi sai ya matso ta gefe yana magana ƙasa-ƙasa, har ya soka allura ya zare. An kuma san shi da wani hali guda: in aka ce ga maciji, ko a cikin sallar nafila yake, sai ya sallame ya nemo sanda. Bai taɓa tambaya ko mai dafi ne ko marar dafi ba. Ƴaƴansa kuwa, da suka tambayi sana'ar kakansu, ce musu ya yi manomi ne.

Ya ajiye aikin gomnati a 2020, a shekarar kuma mai ɗakinsa ta rasu. Babban ɗansa, wanda ke fitar wa ƴan kasuwar Maraɗi kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome, ya ga zaman kaɗaici zai kashe tsohon, ya lallashe shi ya tafi da shi. Suka sauka a Agwe-Zongo, unguwar da ke arewacin birnin, kusa da inda manyan motocin Nijar da Burkina da Mali ke jiran lodi. Hausa ake yi a masallaci, Hausa ake yi wajen mai shayi, amma duk da haka Malam bai sami abin yi ba sai zaman tabarma da sauraren rediyo.

Maƙwabcinsu wani ɗan Togo ne da ke jin Hausar Zongo, yana aiki a ɗaya daga cikin gidajen kiwon macizai da ke kewayen Lome. Mai karatu da bai taɓa jin wannan sana'a ba zai yi mamaki, amma ciniki ne babba. Akwai wata ƙaramar mesa a ƙasashen kurmi da na ciyawa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wadda masana ke kira Python regius, Faransawa kuma suna ce mata mesar sarauta. Ba ta da dafi, tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi, kuma in ta tsorata dunƙulewa take yi ta cusa kanta a tsakiya. A garin Wida na ƙasar Benin akwai ɗakin bauta da aka keɓe mata, inda ake rataya ta a wuyan baƙi su ɗauki hoto. Saboda wannan sanyin hali, Turawa suka mai da ita dabbar ajiyewa a ɗaki. Da rani mafarauta na haƙa ramukan gafiya da tsofaffin suri, su kwaso uwaye masu ciki da ƙwai, wanda yawanci ba ya wuce shida ko bakwai a kwanci ɗaya, su kai gidajen nan. Bayan kamar wata biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, a zuba ƴaƴan cikin jakunkuna, a sa su jirgin sama. Daga Togo da Benin da Gana an fitar da sama da miliyan 3 tun daga 1975, akasarinsu zuwa Amurka. A ƙa'ida ana mai da uwayen daji tare da wani kaso na ƴaƴan, amma yawan kamun ya sa a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta sa wannan mesa cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari.

Wata rana a cikin watan Afrilu na 2021, maƙwabcin ya yi sallama da wani akwatin roba a hannu. Da ya ɗaga murfin, Malam ya zabura ya nufi inda taɓarya take. Mutumin bai motsa ba, ya ce: «Malam, an ce mini kai likitan dabbobi ne. Wannan ma dabba ce, kuma ba ta da lafiya. Ta ƙi ci, ga kai sara, an ce ba za ta yi tafiya ba. In na bar ta can mutuwa za ta yi.»

Maganar ta soke shi. Shekara kusan 40 yana gaya wa makiyaya cewa likita ba ya zaɓen majiyyaci. Ya ajiye taɓaryar, ya leƙa daga nesa. Abin da ya gani bai fi dunƙulen fura ba, baƙi da ruwan ƙasa, kai a ɓoye. Sai idon sana'a ya rinjayi na tsoro: ya lura fatar ta yamutse, alamar ƙishirwa, ga guntayen tsohuwar saɓa sun manne a baya, ga ƙashin baya ya fito kamar tsinin rufin ɗaki. Ya ce a ajiye akwatin a zaure, kwana uku kawai.

Abin da ya fara yi shi ne ƙyale ta. Ya huda murfin don iska, ya shimfiɗa takarda, ya kifa wani fasasshen ƙoƙo a kusurwa don ta sami wurin ɓuya, ya ajiye ɗan kasko na ruwa, ya sa tsumma mai laima a ƙarƙashin ƙoƙon don saɓar ta saki. Maciji ba ya ɗumama jininsa da kansa, da zafin wuri yake rayuwa, saboda haka Malam ya jingina gefe ɗaya na akwatin da bangon da rana ke bugu, inda ma'auni ke nuna digiri 31 ko 32, ɗaya gefen kuma ya bar shi a inuwa, don ta zaɓi inda take so. Ya hana kowa leƙawa. Kwana uku suka zama goma. A dare na goma sha ɗaya ya miƙa mata ɗan kusu da dogon hantsaki, ya kashe fitila. Da asuba babu kusu, ga ƙullutu a tsakiyar jikinta. Bai taɓa ta ba, domin macijin da ya ci yana bukatar aƙalla kwana biyu a kwance, in aka dame shi sai ya amayar, amai kuwa ga jariri mai rama irin wannan na iya zama ajali. Sai da ta ci sau uku, mako-mako, sa'an nan ya yarda lokacin sa hannu ya yi.

Ya san dalilin saran nata. A daji ƴar ƙaramar mesa abincin kowa ce: shaho na ɗaukarta, tunku na cinta, manyan macizai na haɗiye ta. Duk abin da ya sauko mata daga sama, a wurinta farcen shaho ne. Don haka ya wanke hannu da sabulu don kada ta ji warin kusu, ya taɓa tsakiyar jikinta da ɗan kara don ta farka ta san ba abinci ne ya zo ba, sa'an nan ya zura tafinsa ta gefe, ta ƙarƙashi, ya ɗago ta gaba ɗaya, bai kama wuya ba, bai kama wutsiya ba. Ta sare shi nan take a yatsa.

Ɗigon jini huɗu ne ko biyar, kamar an soke shi da ƙaya. Ilminsa ya gaya masa mesa ba ta da dafi, haƙoranta ƙanana ne na riƙe abinci. Amma jikinsa bai ji wannan karatu ba. Gumi ya karyo masa, ya tsaya yana jiran fatar idonsa ta fara saukowa. Duk da haka bai yar da ita ba, bai kuma mai da ita akwati ba, domin dabbar da ta ga sara na ƙwatar mata ƴanci, gobe ma sara za ta yi. Ya riƙe ta a tafi, a dunƙule, har ya ƙirga minti biyar, sa'an nan ya ajiye ta a hankali, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu. Ya zauna a zaure har aka kira la'asar, idonsa a buɗe tar.

Daga nan ya ɗora: minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a mako, da yamma sa'ad da take fara motsi. Ba ya ɗaukarta ranar da ta ci ko kashegari. In ya ga idonta ya yi hazo-hazo, ya san saɓa ta gabato, ba ta gani sosai, sai ya bar ta har ta tuɓe. Ba ya taɓa kanta, ba ya matse ta, ba ya tare mata hanya. In ta miƙa, sai ya sa ɗaya hannun a gaba ta hau, kamar mai warwarar zare. Ya koyi karanta ta. In ta lanƙwasa wuya ta ɗaga kai ta sandare, tana shirin sara ne. In ta yi huci, ta gaji. In harshe na fita a hankali, jiki kuma ya saki, hankalinta a kwance yake. Da harshen take ɗebo ƙanshin abubuwa ta kai wasu ƴan ramuka a dasashinta na sama, a leɓenta kuma akwai wasu ƙofofi da ke jin ɗumin jikin dabba ko a cikin duhu. Kunne na waje kuwa ba ta da shi, girgizar ƙasa ta fi ji ta ƙashin muƙamuƙi. A nan Malam ya tuna da gangar da ya sha kaɗawa yana yaro, ya gane gamsheƙan ubansa ba rawa yake yi wa kiɗa ba, gwiwar gardi da ke kaɗawa a gabansa yake bi da ido.

Ya tuna da wani abin kuma. Wata yamma yana sauya hannu a ƙarƙashin mesar, sai ya ga hannuwan nasa suna yin abin da babu wanda ya koya musu a Kolo: ta ƙasa, ta gefe, ba gaggawa, ba rawar jiki. Hannun ubansa ne. Da shi ya yi shekaru yana kwantar da bijimai bai sani ba. Ashe gardin yana da ilmi na gaskiya, ilmin sanin lokacin da dabba ta tsorata da lokacin da ta huce, sai dai babu mai ba da dala don a koya masa haƙuri, gari a ƙunshi shi ake saya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A ranar ne karo na farko ya tuna da uban ba tare da ɗacin rai ba.

Bayan wata uku mesar ta daina dunƙulewa. Tana hawa damtsensa, ta zagaya wuyan hannu, ta kwanta. Maƙwabcin ya ce ta zama ƴar gida, ta san ubangidanta. Malam ya girgiza kai. Ya riga ya gwada: ran da ya manta bai wanke hannu ba bayan ya taɓa kusu, ta kai wa yatsansa cafka kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Kare na murna da dawowar maigida, doki na haniniya in ya ji takunsa, amma ita abin da ya faru gare ta guda ɗaya ne: an ɗauke ta sau da yawa ba a cinye ta ba, sai tsoro ya fita. Ɗumin hannu take so, da ta sami dutse mai ɗumi haka za ta kwanta a kansa.

A cikin gida kuwa ba a rasa magana ba. Surukarsa ba ta iya fuskantarsa, sai ta bi ta wajen mijinta, cewa a unguwa ana raɗe-raɗin tsohon ya ajiye macijin kuɗi. Ɗan ya zo ya durƙusa ya ce: «Baba, mutane fa na magana.» Malam ya ce duk mai shakka ya zo ya duba ko akwai jika ɗaya a ƙarƙashin ƙoƙon. Mutum ɗaya ne ya goyi bayansa, jikansa ɗan shekara 7, wanda aka sa wa sunan gardin, shi ya sa tsohon ba ya kiransa sai da Babana. Yaron kan tsuguna a bakin zaure ya yi shiru yana kallo, har ran da aka ɗora masa mesar a tafi. Malam ya kafa masa doka: a wanke hannu kafin a taɓa, a wanke bayan an taɓa, domin macizai da ƙadangaru na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, shi ya sa ma ƙanwarsa ƴar shekara 3 ba a bari ta matso. Yaron ya iya da sauri. Hannunsa ya fi na kakan sanyi.

A watan Oktoba na 2022 Malam ya koma gida ganin kaka, ya tafi da jikan don ya ga dangi. Mesar ya bar ta wajen maƙwabci, domin ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 don tsare cinikin namun daji, ga kuma dokar Nijar ta 29 ga Afrilu 1998 kan farauta da kare namun daji. Ko ba don doka ba, busasshen hunturun Maraɗi da zafin bazararta ba na dabbar da ta saba da laima ba ne.

Suna gona a ƙauyensu ana ɗaure hatsi, da hantsi, wani ya ɗaga dami ya wuce. Malam na gaisawa da wani tsohon abokinsa sai ya ji wani sauti a bayansa, kamar an yayyafa ruwa a kan garwashi. Ya san sautin: kububuwa ce ke goga ɓawon jikinta. Ya juya ya ga jikansa a tsugune, ga wata ƴar aba mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige a naɗe a inda damin ya tashi, girmanta bai fi na mesar ba ran da aka kawo ta. Yaron ya riga ya miƙa tafi, ta gefe, ta ƙasa, a hankali, daidai yadda aka koya masa. Tsohon bai san sa'ad da ya cafki wuyan rigarsa ya wurga shi baya ba. Kan kububuwar ya sari iska a inda hannun yake. Masu ɗaurin hatsi suka gama da ita da sanduna.

Yaron ya tashi yana kuka, ba don faɗuwar ba. Ya ce: «Kaka, ai tsoro take ji. Kai ka ce in an bi ta sannu za ta saba.»

Malam ya rasa amsa, domin yaron bai yi ƙarya ba. Kububuwa ma tsoro ne ke sa ta sara. Bambancin shi ne, kuskure da mesa ɗigon jini ne, kuskure da kububuwa kuwa ba a cika samun damar maimaita shi ba. Ita da kasa da gamsheƙa da dafinsu suke zuwa duniya, ƙaraminsu ba shi da wuyar kisa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa: wanda ta sara yakan ga kamar ya tsira, sai dasashi ya fara zub da jini, fitsari ya yi ja, tsohon tabo ya buɗe, bayan kwanaki a rasa shi. Ba banza ake ce mata gobe da nisa ba. A ƙasashen ciyawa na Afirka ta Yamma babu macijin da ya kai ta kashe mutane, kuma manoma da makiyaya da yara ta fi samu, da damina da kaka. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, a 2017 kuma ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Magani ɗaya ne aka tabbatar: allurar kashe dafi, a asibiti, da wuri. Ita ma ba kullum ake samunta ba. Fav-Afrique, wadda aka daɗe ana dogara da ita a wannan yanki, an daina yin ta a 2014, ragowar kuma ta lalace a 2016. A Kaltungo ta jihar Gombe, a Najeriya, akwai asibiti guda da aka keɓe wa saran maciji kaɗai, saboda yawan masu zuwa. Tsaga wurin, da tsotsa, da ɗaure hannu tamau, da baƙin dutsen nan da ake mannawa, duk ba su fid da dafi, sai dai su ci lokaci. Abin yi shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a nemi mota. Daga gonar nan zuwa inda za a iya samun allura, tafiyar sa'o'i ce a kan amalanke da hanyar rairayi. Malam ya yi wannan lissafi a tsaye, ƙafafunsa na rawa.

Da dare, bayan an ci tuwo, ya kira jikan gefe, ya gaya masa abin da bai taɓa gaya wa ƴaƴan cikinsa ba. Ya ba shi labarin goruna da ganga, da garin da ya daka da hannunsa, da gamsheƙan da aka ce na hannun dama ne. Ya ce: «Babana, mai sunanka ya fi ni sanin maciji, ya fi duk wanda ka taɓa gani. Ya yi ta cire wa macijinsa tsoro, bai lura nasa tsoron ma yana fita ba. Ni ma na cire wa mesa tsoro, ashe har da naka na cire. Wannan laifina ne. Daga yau duk macijin da ka gani a ƙasa, ko ya yi kama da tamu, ka ja da baya taku uku ka kira babba.» Yaron ya tambaya ko mesar ma za ta kashe shi wata rana. Ya ce a'a, ita ba ta da abin kisa, amma shi bai isa rarrabe ta da mai kisa ba tukuna, kuma manya da yawa ma ba su isa ba.

Kashegari ya zaga da yaron gidan wani manomi da ya rasa yatsu biyu saboda saran kasa, ya roƙe shi ya nuna masa hannun. Sa'an nan ya aika wa ɗansa saƙo a Lome, ya ce a gaya wa maƙwabci ya riƙe mesar, ta zama tasa. Ba ta sakuwa a daji, domin dabbar da ta daina gudun hannu ba za ta daɗe ba a inda kowa ke da sanda. Ba ta kuma ajiyuwa a gidan da ƙananan yara ke tasowa suna zuwa ƙauye hutu. Ga ta da tsawon rai: irinta na yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane, a gidan namun daji na Sen Luwi a Amurka ma wata ta yi ƙwai a 2020 tana da shekara kusan 62. Wanda ya ɗauki ƴar mesa ya ɗauki amanar da za ta iya binne shi, wannan kuwa abin dubawa ne ga iyayen da ƴaƴansu ke ganin Turawa da macizai a wuya cikin wayar hannu, suna roƙon a sayo musu in an je Lome.

Malam bai koma Lome da zama ba. Yana nan Maraɗi, makiyayan bayan gari na kawo masa tumaki da awaki yana dubawa a ƙofar gida. Maƙwabta sun lura da sauyi guda a halinsa. In aka yi kururuwar maciji, yakan fito da sandarsa kamar da, amma sai ya kori yara baya, ya tsaya ya duba tukuna. In mai dafi ne a cikin gida, ba ya jinkiri. In marar dafi ne mai cin kusu, sai ya sa sandar ta ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi a hankali, ya kai shi bayan danga ya ajiye, ba ya sa hannu. Wani yaro ya taɓa tambayarsa inda ya koyi wannan. Ya ce wajen ubansa, gardi ne, Allah ya jiƙansa.